Wa Zai Ɗora Mata Ruwan Jego

Tun cikin bai fito ba aka gama magana a Kano: Gwaggo Daso ce za ta je Malesiya ta zauna da Turai har ta yi arba'in. Ita ta yi wa duk 'yan matan gidan wankan jego. Ta san zafin ruwan da ake so, ta san yadda ake gasa jiki da tawul, ta san kunun kanwar da ke kawo nono. Aka yi mata fasfo, ta ɗinka sababbin atamfofi, ta sa aka daka yaji da kuka, har ta fara yi wa maƙwabta sallama. Sai korona ta ƙi lafawa. Ƙasar ta ci gaba da rufe ƙofarta ga baƙi, wata ya bi wata, yajin da aka daka wa mai jego ya ƙare a tuwon gidan.

Turai tana hawa na tara a wani dogon bene a Taman Melati, ita da mijinta Zahraddeen, wanda ke digiri na uku. Matan Hausawa ba su yi mata nisa ba, wasu ma daga tagarta tana hango benensu. Amma tun da aka sake ƙaƙaba dokar kulle, masu gadin gidan suka daina barin baƙo ya wuce ƙofa. Mai kawo abinci ma a kan tebur yake ajiyewa a ƙasa, ya juya. Matan kuma yawancinsu yara ne kamarta, kowace da goyonta da nata kukan. Duk wadda za ta ɗora mata ruwa, ta riƙe mata jariri ta samu ta runtsa, dole ta kasance a cikin benen take.

Da ta faɗa wa Gwaggo haka a waya, a kaikaice, don cikin fari ba abin da ake ambata da baki ba ne, Gwaggo ba ta ga abin damuwa ba.

“Ke, ba mata ne a gidan naku? Ki duba babba, wadda ta haihu ta san zafin abin. Ki ja ta a jiki da abinci. Mace ko daga bayan duniya ta fito, in ta ci girkinki ta ga yadda kike tafiya, ba sai kin buɗe baki ba. Da kanta za ta ce ina tukunyar.”

Turai ta karɓi maganar yadda take karɓar duk maganar Gwaggo, ba tare da ta juya ta ba.

Ƙofa huɗu ce a hawansu. Ɗaya tasu, ɗaya ta wasu ɗalibai da suka tafi hutu gida cutar ta rufe da su. Sauran biyun suna kallon juna, kuma kowace akwai babbar mace a bayanta. Ta dama sunanta Soledad, 'yar ƙasar Chile, tana koyar da Sifaniyanci a wata kwaleji. Ta hagu Odalis, 'yar Kyuba, mawaƙiya ce a wani otal a tsakiyar gari, tana zaune da wasu maza biyu 'yan ƙungiyarsu, mai busa ƙaho da mai kiɗan ganga. Harshensu ɗaya, amma Turai ba ta taɓa ganin sun wuce gaisuwa ba.

Ranar wata Juma'a ta yi dambun shinkafa, ta zuba a kula biyu, ta ƙwanƙwasa kowace ƙofa, ta miƙa da hannu biyu, ta ce “Anti, ga wannan,” ta koma ɗaki da sauri kamar ta yi sata.

Washegari kular Soledad ta dawo a rataye a marfin ƙofa, an wanke ta fes, ba komai a ciki. Ta Odalis kuwa sai da yamma ta dawo, a hannun mai ita. Ta cika ta da shinkafa da baƙin wake da soyayyar agada a sama, tana ta bayani da Turancinta mai gudu cewa kada Turai ta ji tsoro, ta san Musulmi ba sa cin alade, sabuwar tukunya ta saya takanas don wannan girkin. Ta yi dariya, manyan 'yan kunnenta suna lilo, ƙamshin turarenta ya cika barandar ya daɗe bai tafi ba.

Haka abin ya zauna. Duk mako Turai ta yi wani abu, ɗanwake ko waina ko tuwon shinkafa da ragowar kukar da suka zo da ita, ta aika. Kula ɗaya ta dawo wayam, ɗaya ta dawo da nauyi.

Turai mace ce mai kallo. Ba ta iya doguwar hira ba, amma abu kaɗan ne ke wuce idonta, kuma a watannin kulle ba abin da ta fi samu kamar lokacin kallo. Ta lura riga biyu Soledad ke juyawa, duk sun koɗe. Silifas ɗinta na roba ne. In ta sauka kedai, wato ɗan kantin da ke ƙasan benen, ƙaramin burodi take sayowa da ƙwai da ayaba. Sau ɗaya da ƙofarta ke buɗe, Turai ta hango falon: tebur, kujera, kwamfuta, littattafai a jere a ƙasa, ko labule babu. Odalis kuwa ko shara za ta fitar sai ta yi kwalliya. Takunkumin fuskarta ma mai ƙyalli ne, kuma in ta saukar da shi akwai jan baki a ƙarƙashi. Daga ɗakinsu kullum sai kiɗa da shewa da ƙarar cokula.

Wata rana suna cin abinci ta tambayi mijinta, a cikin matan nan biyu wa yake ganin ta fi ƙarfi. Zahraddeen bai ɗago daga kwanonsa ba ya ce ai wannan ba tambaya ba ce, mai 'yan kunnen mana. Ya ce masu waƙa a manyan otal kuɗi suke kwasa, ita kuwa malamar makaranta ko a wace ƙasa take malamar makaranta ce. Turai ta ji daɗi da ganinsu ya zo ɗaya. Daga ranar ta raba matan a ranta. Abin da take kai wa Soledad sadaka ce, ba ta jiran komai, har takan ƙara mata nama. Abin da take kai wa Odalis kuwa zumunci ne. Mace mai wadata, mai sakin fuska, wadda ta san ba a mayar da kwano haka nan, ita ce za a iya ɗora wa nauyi ba a cuce ta ba.

Akwai kuma abin da ya faru a lif, wanda ya ƙara nesanta ta da ƙofar dama. Sun haɗu su biyu, Soledad ta dubi gabanta, idonta ya yi laushi a saman takunkumi, ta tambaye ta yaushe ne watan, kuma an gaya mata mace ce ko namiji. Turai ta ji kamar an yaye mata zane a kasuwa. Ko mahaifiyarta ba ta taɓa yi mata wannan tambayar ba. Ta ja hijabi ta rufe cikin, ta ce lafiya lau, na gode, ta danna hawa na shida ta fita, ta hau sauran da ƙafa tana haki. Tun daga nan Soledad ba ta sake kallon ƙasan wuyanta ba. Gaisuwa kawai, a taƙaice.

Kwanaki suka yi ta ja. Kowace yamma a ji adadin waɗanda suka kamu ya ƙaru, a ji an ƙara wa'adin kulle. Jirgin ƙasan da ke wucewa ta tashar Taman Melati yana tafiya da kujeru wayam. Zahraddeen ya wuni gaban kwamfuta yana gyara babi guda da malaminsa ya ƙi amincewa da shi, kuɗin tallafin karatunsu kuma ya makara kamar yadda ya saba. Ƙafafun Turai suka kumbura. Tsayuwa gaban murhu ta zama aiki, amma ba ta fasa girkin Juma'a ba, don a ganinta kowace kula da ta tsallaka barandar magana ce take yi, kuma ana jin ta.

Sai dai Odalis ba ta ce ina tukunyar ba. Takan shafa kafaɗar Turai, ta kira ta 'yata, ta ce ta riƙa ɗaga ƙafa a kan matashi, ta wuce. Gwaggo ta ce a ƙara haƙuri, wasu matan sai abin ya zo gab suke motsi.

A wannan tsakanin ƙahon ya yi shiru. Da can kullum da hantsi mai busar yakan yi atisaye, har jaririn cikin ya riƙa motsi. Turai ta ɗauka maƙwabtan ƙasa ne suka kai ƙara. 'Yan kunnen Odalis ma suka koma ƙanana, ta ɗauka zafi ne ya sa. Agadar da ke saman shinkafar ta ɓace, daga baya waken ya ragu, ta ce a ranta ai kasuwa ce ba kaya. Da mutanen gari suka fara rataya farin ƙyalle a taga, alamar cewa abinci ya yanke a gidan, Turai ta sauka ƙasa da sunan shan iska, ta ɗaga kai ta ƙirga hawa har na tara. Tagar Soledad take dubawa. Ba ƙyalle a can, ba ƙyalle a ta Odalis. Ta hau da sauƙin zuciya.

Ranar da likita ya ce mata kan ɗan ya sauka, ta zauna cikin shiri, ta dawo gida ta kasa zama. Ta soya waina, ta yi miyar taushe da kabewar Malesiya mai ruwa-ruwa, ta ci alwashin yau ko za ta nutse a ƙasa sai ta yi magana. Bayan azahar ta ɗauki kula ta tsallaka.

Ƙofar Odalis a buɗe take. Falon da take zaton cike yake da kaya ba komai sai katifu biyu a jingine da bango, da kujerar roba guda, da akwati a buɗe a tsakiya. Rigunan waƙa masu ƙyalli suna ninke a ciki. Odalis tana durƙushe a gabansa, ba kwalliya, gashinta a ɗaure da tsumma, furfura ta fito a gefe. Turai ba ta taɓa sanin ta kai haka a shekaru ba.

Odalis ta tashi, ta zaunar da ita a kujerar, ta karɓi kular ta buɗe, ta shaƙi ƙamshin, ta rufe ido. Sannan ta ce yau kam kular za ta koma ba komai, Turai ta yafe mata, don gobe za ta tashi.

Ta samu aiki a wata unguwa mai suna Cheras. Wata tsohuwa ce da ta karye a ƙugu, 'ya'yanta suna neman mai kwana da ita. Za a ba ta abinci da wurin kwanciya da ɗan abin da za ta aika gida, amma da sharaɗin ba fita ba shiga, don suna tsoron a kawo wa uwarsu cuta. Ɗan tsohuwar ya riga ya karɓo takardar wucewa daga 'yan sanda, da safe zai zo da mota. Mai busa ƙaho ya sayar da ƙahonsa tun watan jiya, yana wankin mota a wani gareji. Mai ganga zai koma wurin wasu 'yan ƙasarsu, su bakwai ko takwas a ɗaki biyu. Gidan kuma an mayar wa mai shi.

Tana faɗa tana ninke kaya, ba kuka, kamar mai ba da labarin wani. Ta ce su 'yan Kyuba da ke garin nan kusan duk sana'arsu ɗaya, kiɗa da waƙa da koyar da rawa. Ranar da aka rufe otal-otal da wuraren shaƙatawa rana ɗaya suka faɗi, ba wanda ya rage a tsaye balle ya ɗaga wani. Tukunya ɗaya suka koma yi, wanda ya samo ya zuba. Komawa gida ba jirgi, ko da akwai ba kuɗinsa, ko da an je kuma can ɗin jira ake ka aiko. Uwarta da jikokinta biyu da abin da take turawa suke ci.

Turai ta tambaya a hankali, to me ya hana su rataya ƙyalle.

“A gan ni da farin ƙyalle a taga? Wane otal ne zai sake ɗaukata in an buɗe? Mu kwalliyar nan ita ce jarinmu, 'yata. Ranar da aka gan ka a yamutse, ka gama.” Ta dubi kular, ta yi wata 'yar dariya. “Wannan abar kuwa ta ba ni wahala. In ta zo mu ci mu yi murna, sannan mu zauna mu uku muna kallonta, me za mu saka a ciki. Kakata ta ce kwanon maƙwabci ba ya komawa da iska. Akwai Asabar ɗin da abincinmu na rana ne ya tafi gidanki.”

Turai ta tuna yadda ita da Zahraddeen suke cin shinkafar nan suna yaba gishirinta, wani lokaci ma su bar saura ta kwana ta lalace. Ta so ta tashi ta gudu kamar ranar lif, amma jikin ya yi nauyi, kujerar kuma ta yi ƙasa. Tana zaune a wurin, idonta a kan yatsun ƙafarta da suka kumbura, maganar ta fito.

“Anti, haihuwa zan yi. Ba ni da kowa. A garinmu babbar mace ce take dafa ruwa ta yi wa mutum wanka, ta riƙe ɗan. Na ɗauka ke ce.”

Odalis ta ajiye rigar da ke hannunta. Ta ce ai kowa a benen nan ya san haihuwa za ta yi, har mai gadi yana tambaya. Amma 'yan Najeriya suna da yawa a unguwar, ta ɗauka an gama shirya mata komai. Ta yaya za ta san kular aike ce?

“Da kin faɗa wata ɗaya da ya wuce, da na ce ki ba ni abinci kawai da tabarma. Ni na karɓi haihuwar 'yar ƙanwata a kan teburin kicin. Amma na riga na ba mutanen nan alkawari, kuma can akwai abin aikawa gida.” Ta nuna ƙofar Soledad da haɓa. “Waccan fa? Kin tambaye ta?”

Turai ta ce a'a, ai ita Anti Soledad da kanta take fama, ba za ta ƙara mata nauyi ba.

Odalis ta dube ta kamar ba ta ji daidai ba. Sannan ta yi dariyar da Turai ta saba ji ta bango, har ta dafa akwati. Ta ce, wa? Soledad? Matar da albashinta bai tsaya ko wata ɗaya ba, tana zaune a ɗaki tana magana da kwamfuta ana biyanta? Ta ce 'yan Chile da ke nan ba su da yawa, kuma ba wanda ya zo da ganga a kafaɗa. Kowa da takardar aikinsa ya sauka, wannan injiniya, wannan malama, wannan kamfani ne ya turo shi, da inshorar asibiti da fasfon da ke buɗe ƙofofi. Ba sa neman juna don ba abin da za su nema. Ba ta jira amsa ba, ta kama hannun Turai ta miƙar da ita, suka tsallaka barandar, ta buga ƙofar da tafin hannu.

Soledad ta buɗe da tabarau a goshi. Odalis ta zuba mata Sifaniyanci mai yawa, tana nuna Turai, tana nuna cikin, tana kwatanta zuba ruwa da hannu. Turai ta tsaya a tsakaninsu kamar akuyar da aka kawo kasuwa. Fuskar Soledad ta sauya. Ta matsa gefe ta ce su shigo.

Nan ma akwai akwati, a rufe, an ɗaure shi da bel.

Soledad ta ba Turai kujerar, ita ta zauna a kan akwatin. Da Turanci a hankali ta ce 'ya'yanta biyu mata, ta kuma yi jika a bara wadda ba ta taɓa ɗauka ba sai a waya. Tun ranar da ta ga Turai da ciki take son ta ce ko akwai abin da za ta yi. Amma da ta yi tambaya a lif ta ga yadda yarinyar ta fita, sai ta ɗauka ta taka wata doka ta addininsu, ta kama bakinta. Kular kuma ba rowa ba ce. Ba ta iya girki ba, abin gwangwani take ci, kuma tana tsoron ta saka abin da Musulmi ba sa ci ta sake yin laifi. Ta ce abincin Juma'ar nan raba shi take yi ya kai ta Lahadi, kuma a watannin nan ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarta in ba Turai ba.

Falon ba kaya ne don ba ta zo zama ba. Tana da gida a kudancin ƙasarsu, kusa da wani kogi, duk abin da ta samu can take turawa ana gyara rufi. Kwantiraginta ya ƙare, kwalejin ta ce ta sabunta, ta zauna ta yi tunani ta ga ba abin da ya riƙe ta a nan, ta ce a'a. Izinin zamanta ya kusa cika. Da kyar ta samu kujera a jirgin da zai bi ta ƙasa uku, jibi zai tashi.

“Da na san ana buƙatata, da na sa hannu na ƙara wata shida,” in ji ta. Ta cire tabarau ta goge da gefen koɗaɗɗiyar rigarta. “Ba abin da nake yi da rana. Ba abin da nake yi sam.”

Ta ce a bari ta biya kuɗin ma'aikaciyar jinya. Odalis ta tuna mata ba a barin kowa ya shigo. Suka yi ta magana da harshensu, murya ƙasa-ƙasa, wannan ta kawo shawara waccan ta girgiza kai. Turai ta lura wannan ne karo na farko da ta ga ɗayarsu a ɗakin ɗayar. Daga ƙarshe Soledad ta shiga kicin ta fito da wata babbar tukunya da ta tarar a gidan ba ta taɓa amfani da ita ba, Odalis ta koma ta ɗauko tawul biyu masu kauri. Abin da suka iya ke nan. Turai ta yi godiya har da ɗan rusunawa, gwargwadon yadda cikin ya bari, ta rungumo kayan ta koma.

Zahraddeen yana gaban kwamfuta. Ya ga tukunya, ya ga fuskarta, ya rufe kwamfutar. Ta zauna a bakin gado ta ba shi labari tun daga dambun farko. Da ta kai wurin abincin ranar Asabar, ya sa hannu ya rufe fuska. Da ta gama ya tashi, ya buɗe kabad ɗin kicin, ya raba shinkafarsu da man girki biyu, ya kai wa mai ganga. Ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗaki yana sosa ƙeya.

“To yanzu wa ya rage?”

“Malam, kai ka rage.”

Ya dube ta, ya dubi tukunyar. Ya ce shi ko ɗakin mai jego bai taɓa shiga ba, a gidansu in an haihu maza waje suke komawa. Ta ce ta sani. Ya ce in abokansa suka ji. Ta ce ta sani. Ta gaji da yawa ba ta iya lallashi ba, shi ma ya gaji da yawa bai iya musu ba. Ya ɗauki tukunyar ya kai kicin ya gwada ta a kan murhu, ta zauna daidai.

Gwaggo Daso ce ta yi musun. Ta yi salati, ta ce duniya ta zo ƙarshe, namiji da ruwan jego. Ta tambaya ko matan nan biyu ba su ci abincin ba ne. Turai ta ce sun ci. Gwaggo ta ce to wane irin mutane ne. Turai ta ce mutanen kirki ne, Gwaggo, ba su dai san me ake nufi ba. Can Gwaggo ta ce a ba ta mijin. Zahraddeen ya karɓa da hannu biyu, ya gaishe ta a durƙushe kamar tana ganinsa. Ta ce masa sharaɗinta ɗaya, kada wannan magana ta sauka a Kano, ko uwarsa kada ta ji. Sannan ta fara karanta masa yadda ake yi, yana cewa to, to.

Odalis ta tafi da safe, Soledad ta bi bayanta washegari. Barandar ta koma ƙofa uku a kulle.

A mako na gaba Turai ta haihu, namiji, ita kaɗai a ɗakin asibiti don ba a barin miji ya shiga. Da aka sallame ta suka dawo a tasi, direban ya buɗe duk tagogi.

Da hantsin washegari Zahraddeen ya ɗora ruwa. Ya samo ganyen darbejiya a wata bishiya kusa da wurin ibadar Indiyawa, bayan ya roƙi mai gadin wurin, wanda ya ce masa boleh, wato ba laifi, ya ma taya shi karyowa. Tururi ya cika kicin ya fito falo. Ya juye a bokiti, ya ƙone yatsa, ya kai ƙofar banɗaki ya ajiye, ya juya baya, ya koma ya ɗauki jaririn yana riƙe da shi kamar tiren ƙwai. Wayar tana kan tagar banɗakin, an kifa ta, murya kawai ke fita. Gwaggo ta tambaya ko ruwan yana cizo. Turai ta ce yana yi. Gwaggo ta ce ƙarya ne, daga muryarta ta san an surka, a ƙara na zafi.

Turai ta zauna a kan 'yar kujerar roba. Ta tsoma ganyen ta watsa a kafaɗa, a ciki, a cinya. Zafin ya ratsa ta har ƙashi, ta ji wani abu da ya daɗe a ɗaure yana saki. Ta jiƙa tawul ta gasa inda hannunta ya kai. Gwaggo ta ce saura baya, nan ne ciwon yake taruwa, a danna sosai daga ƙugu zuwa sama.

Ta gwada ta dama, ta gwada ta hagu. Hannun bai kai ba, ɗinkin da aka yi mata a asibiti kuma yana ja. Ta zauna da tawul a cinya, ruwan yana hucewa, tana jin takun mijinta a falo yana kai da kawo da yaron.

“Malam,” ta ce. Bai ji ba. Ta ɗaga murya. “Malam, kwantar da shi ka zo ka danna mini baya.”

Takun ya tsaya.

“To ni dai ban ji wannan ba,” in ji Gwaggo Daso, ta kashe wayar.